Wai Linux ɗan Unix ne? Kuma wa ma ke amfani da shi yanzu?

Wani ƙaninmu ɗalibi a Unijos ya turo wannan tambayar: "Yaya, ina da HP EliteBook 840 G3 ɗan kwatano, an ce Windows 10 ya daina samun abdet kuma Windows 11 ya ƙi hawa. Abokina ya ce in sa Kali, wani ya ce Ubuntu, wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne tunda ba mai amfani da Linux a Najeriya. Malaminmu kuma ya ce Linux ɗan Unix ne, Android jikansa. Wai ya nasabar take, kuma abun yana da amfani yanzu ko tarihi ne kawai?"

Toh ƙanina, bari in fara da mai cewa ba mai amfani da shi, don nashi ya fi sauƙin amsawa. Karɓi wayarsa, in dai Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko Redmi, ka shiga setin ka gangara wajen bayanin waya, ka nemi inda aka rubuta Kernel version, za ka ga wata lamba kaman 4.19 ko 5.10 da wasu haruffa a bayanta. Wannan lambar ta Linux ce. Yawancin POS masu fuskar taɓawa da ake cire maka kuɗi da su a Terminus ko Bauchi Road ma Android ne a ciki, kaga kenan shi kansa mai maganar yana kwana da Linux a ƙarƙashin filo bai sani ba. Abun da yake nufi dai shi ne bai saba ganinsa a laftop ba, kuma a nan yana da gaskiya, zan dawo kai.

Kenel ɗin nan shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke magana da ƙarfen kai tsaye, shi ke raba wa manhajoji ram, shi ke cewa wa zai samu furosesa yanzu wa zai jira, shi ke sarrafa faifai da kibod da wayfai. Ka riƙe wannan, domin Linux a asalinsa kenel ne kawai, ba duk abun da kake gani a fuskar kwamfuta ba, kuma rabin ruɗanin da mutane ke yi daga nan yake tasowa.

Yanzu nasaba. Kakan gidan shi ne Unix, an fara shi 1969 a Bell Labs, ɗakin bincike na kamfanin tarho AT&T a Amurka. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne kan gaba, bayan kamfanin ya janye daga wani ƙaton aiki mai suna Multics da ya yi nauyi ya ƙi ƙarewa, sai suka samu wata kwamfuta PDP-7 da ba a damu da ita ba suka rubuta ƙaramin abu mai sauƙi a kai. A 1973 suka sake rubuta shi da yaren C wanda shi Ritchie ɗin ya ƙirƙira, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, don kafin nan galibi babbar manhaja da yaren injin guda ɗaya ake rubuta ta, in injin ya tsufa ita ma ta bi shi kabari. Da C kuwa sai ya zama ana iya ɗaukar Unix a kai shi wani injin daban.

Abun da ya sa ya bazu kuma doka ce, ba kirkin kamfani ba. Tun 1956 AT&T ya yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka cewa ba zai shiga wata sana'a ba bayan ta tarho, saboda ya riga ya mamaye wannan fannin shi kaɗai. Toh ba zai iya buɗe kasuwar sayar da Unix ba, sai ya riƙa ba jami'o'i a kuɗi kaɗan, a tef, haɗe da asalin kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, amma ba mai zuwa ya gyara maka in ya ba da matsala. Dole ɗalibai da malamai suka koyi buɗe cikinsa suna gyarawa suna tura wa juna gyaran. Jami'ar California da ke Berkeley ta fi kowa nisa a wannan, Thompson da kansa ya je can ya yi shekarar hutun koyarwa daga 1975, wani ɗalibi Bill Joy ya fara haɗa gyare-gyarensu yana rabawa a 1978 da sunan BSD, a 1983 kuma suka fitar da 4.2BSD mai ɗauke da TCP/IP, ƙa'idar da intanet ke gudana a kanta har yau. Sai 1984 aka tarwatsa AT&T gida-gida, takunkumin ya tashi, Unix ya zama hajar kasuwa mai tsada, kod ɗin da aka saba karantawa a aji kuwa tun 1979 aka hana koyar da shi a matsayin sirrin kamfani.

A irin wannan yanayin na rufe kod ne, tun kafin 1984 ɗin ma, Richard Stallman na jami'ar MIT a Amurka ya fusata. Labarin da shi kansa yake bayarwa shi ne na wata firintar Xerox da ke yawan cin takarda a ɗakin bincikensu, ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta maƙale kaman yadda ya yi wa tsohuwar, aka hana shi kod ɗin. A Satumba 1983 ya sanar da aikin GNU, wato za su rubuta babbar manhaja mai aiki irin Unix tun daga tushe, wadda kowa ke da ikon ya yi amfani da ita yadda ya so, ya karanta cikinta ya canza, ya ba wani, ya kuma raba wadda ya gyara. Ka lura ba maganar kuɗi a ciki, kana iya sayarwa ma in ka samu mai saye. A 1989 ya fito da lasisin GPL, kuma ni a ganina wannan takardar ta fi duk kod ɗin da ya rubuta tasiri, don sharaɗinta guda ne mai ƙarfi: ɗauki, canza, sayar, amma in ka raba wa mutane abun da ka gina a kai dole ka ba su kod ɗin da irin 'yancin da kai ma ka samu. Zuwa 1991 mutanen GNU sun gama kusan komai, GCC mai juya kod ya zama manhaja, Bash inda ake rubuta umarni, Emacs, da tarin ƙananan kayan aiki, abu ɗaya ya rage musu, kenel. Nasu mai suna Hurd ya ƙi nuna, har yau ma bai zama na kowa da kowa ba.

Can a Finland kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya sayi kwamfuta 386 yana wasa da Minix, wani ƙaramin tsari mai kama da Unix da farfesa Andrew Tanenbaum ya rubuta a Amsterdam a 1987 don koyarwa. Minix bai ishe shi ba sai ya fara nashi, ranar 25 ga Agusta 1991 ya sanar cewa yana wani ɗan abu na sha'awa kawai, ba zai zama babba irin GNU ba. A 1992 ya sa shi ƙarƙashin GPL, mutane suka ɗauki kenel ɗinsa suka haɗa da kayan GNU, sai ga cikakkiyar babbar manhaja. Shi ya sa za ka ji wasu na dagewa sai an ce GNU/Linux, kuma suna da hujja, kawai dai bakin mutane ya fi son gajere.

Toh a nan zan ɗan saɓa da malaminku, da girmamawa. Linux bai gaji kod ɗin Unix ba, daga farko aka rubuta shi, ɗabi'ar kawai ya kwaikwaya: umarni iri ɗaya, tsarin fayil iri ɗaya, yadda manhaja ke roƙon kenel abu iri ɗaya. In malami na da ɗan cikinsa kuma yana da almajirin da ya zo daga wani gari ya haddace karatun har ya fi kowa jama'a, toh BSD ne ɗan cikin, Linux almajirin ne. Wani kamfani SCO ma ya je kotu a 2003 yana cewa an saci kod ɗin Unix an zuba a Linux, aka yi shekaru ana bugawa, ƙarshe kotu ta ce haƙƙin mallakar Unix ɗin ma ba nasa bane, na Novell ne.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce me ya sa ɗan cikin bai gaji gidan ba, bayan a 1991 BSD ya fi Linux nuna nesa ba kusa ba. Shari'a ce ta fara karya shi. A 1992 reshen AT&T mai kula da Unix ya kai ƙarar masu raba BSD, sai farkon 1994 aka sasanta, kuma abun dariya daga fayil wajen 18,000 guda 3 kacal aka cire. Amma wannan shekara biyun ta tsoro, da ba wanda ya san ko gobe kotu za ta haramta abun, ita ce daidai lokacin da masu sa kai suka kwarara wajen Linux, har ya kai siga 1.0 a Maris 1994. Linus da bakinsa ya taɓa cewa da BSD na 386 ya fito da wuri da ƙila bai rubuta Linux ba.

Na biyu shi ne lasisi, kuma a nan ra'ayina ne, wasu masana za su ce tsarin shugabancin aikin ya fi lasisin tasiri. Lasisin BSD yana cewa ɗauki ka yi abun da ka ga dama, ko ka rufe ka sayar, ka dai ambaci sunanmu. Shi ya sa jinin BSD yake ko'ina amma ba a jin sunansa. macOS da iOS na Apple an gina su kan Darwin mai ɗauke da kod ɗin BSD, PlayStation 4 kan FreeBSD take, wani reshen BSD, Netflix na tura bidiyo da sabobin FreeBSD (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet), OpenSSH da kusan duk mai kula da saba a duniya ke shiga injinsa da shi daga mutanen OpenBSD, shi ma reshen BSD, ya fito a 1999. Kamfani ya ɗauka, in ya ga dama ya dawo da gyara, in bai ga dama ba shikenan. GPL kuwa ba ya barin haka, ga misali ɗaya da nake so: a 2003 aka gano rauta ɗin Linksys WRT54G tana amfani da Linux ba a saki kod ɗin ba, aka matsa wa kamfanin har ya saki, daga wannan kod ɗin OpenWrt ya tsiro a 2004, yau mutum na iya ɗora shi a kan rautoci iri-iri ya samu abubuwan da kamfanin bai taɓa ba shi ba. Saboda kowa ya san abokin hamayyarsa ba zai iya kwashe aikin ya kulle ba, sai Intel da Google da Samsung da Red Hat da Huawei duk suke zuba ma'aikatansu a kenel guda, alhali a kasuwa ba sa ga maciji da juna.

Sunayen da abokanka ke jefo maka kuma duk kenel ɗaya ne, bambancin waye ya haɗa kayan ya ƙunsa. Slackware da Debian sun fito 1993. Daga Debian Ubuntu ya fito a Oktoba 2004, da kuɗin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, daga Ubuntu Linux Mint ya fito 2006, Kali na 2013 shi ma kan Debian yake zaune. Wani reshen na Red Hat ne da Fedora, wani na Arch. In ka iya ɗaya ka iya kashi mafi yawa na sauran, kar ka bari gardamar wanne ya fi ta cinye maka zangon karatu.

Android nasa daban ne. Ya ɗauki kenel ɗin Linux amma bai ɗauki kayan GNU ba, Google ya saye kamfanin a 2005, wayar farko ta fito 2008. Tushensa a buɗe yake, amma Play Store da Maps da sauran hidimomin Google a rufe suke, kuma wayoyi da yawa an kulle su yadda ba za ka iya canza manhajar ba. Abun da ya faru da Huawei a 2019 ya nuna iyakar abun sarai, da Amurka ta sa musu takunkumi sun rasa hidimomin Google, amma tushen Android ɗin ba wanda ya isa ya ƙwace musu. Don haka jika ne, eh, amma 'yancin da Stallman ke magana bai iso hannunka kai mai wayar ba, ya tsaya a hannun kamfanin da ya ƙera ta.

Amfani a yanzu fa? Tun Nuwamba 2017 duka kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke gudu, ba ko ɗaya da ya fita. Yawancin sabobin da ke riƙe da shafukan intanet haka. Ƙaramin jirgin Ingenuity da ya tashi a duniyar Mars a 2021 Linux ne a cikinsa. Microsoft da shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001, a 2016 kamfanin ne da kansa ya sa hanyar gudanar da Linux a cikin Windows, IBM kuma ya sayi Red Hat dala biliyan 34 a 2019, ai ba a zuba irin wannan kuɗin a kayan tarihi. Kai ɗalibi abun da ya shafe ka shi ne duk aikin da ake rububi yanzu, tsaron intanet ne, netwok ne, kula da saba ne, rubuta manhajar bayan fage ne, ranar farko baƙin allo za a miƙo maka ba maus ba komai. Na sha ganin yara masu sakamako mai kyau sun zo neman aiki, a ce su shiga saba su duba me ya cika faifai, sai zufa.

Kuma ilimin ba ya tsufa da wuri, wannan ne ribar nasabar a aikace. Ce kana da fayil na sunayen ɗalibai da garuruwansu kana son sanin nawa ne 'yan Jos, sai ka rubuta

grep -iw jos dalibai.txt | wc -l

grep ya tsamo duk layin da ke da kalmar jos, wannan sandar ta tsakiya ta miƙa wa wc, shi kuma ya ƙirga. Wannan sandar tun 1973 take a Unix, kuma layin nan zai yi aiki ba canji a Ubuntu, a FreeBSD, a MacBook, har a wayarka in ka sa manhajar Termux. Nuna min wani abu a kwamfuta da aka koya shekara hamsin baya yake ci har yanzu haka.

Inda mai cewa ba mai amfani da shi ke da gaskiya shi ne kan tebur da laftop, nan kam Windows ne sarki kuma ba laifin jahilci bane kawai. Je wajen masu buga katin biki da kalanda, CorelDRAW ne rayuwarsu, babu shi a Linux, Inkscape na da kyau amma wanda zai karɓi fayil ɗinka ya fitar da filet na Corel yake jira. Photoshop da AutoCAD ma babu. LibreOffice zai buɗe fayil ɗin Word amma wani lokaci teburi ya goce ko lambar shafi ta yi tsalle, saboda haka in za ka kai furojet bizines senta ka mayar da shi PDF tukuna. Kar kuma wani ya ce maka buɗaɗɗen kod ba ya samun ɓaraka, Heartbleed na 2014, wani kuskure a OpenSSL mai ɓoye bayanan da ake turawa ta intanet, ya yi wajen shekara biyu a fili ba wanda ya lura, a Maris 2024 kuma wani ya kusa cusa ƙofar baya ta cikin xz, wata manhajar matse fayil, bayan ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne, wani injiniya Andres Freund ne ya kama abun don kawai ya ga shiga SSH na ɗan jinkiri da cin furosesa fiye da kima. Buɗewar ce ta sa ya iya bin sawu har gindin abun, amma ita ma ta nuna abubuwa da yawa da duniya ta dogara da su mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su ba albashi.

Kuma manhaja kaɗai ba ta gyara ƙasa. A 2007 an kawo ƙananan laftop ɗin nan kore da fari na shirin One Laptop per Child wata firamare a Galadima ta Abuja, Linux ne a ciki, yara sun ji daɗi, amma shirin bai bazu a Najeriya ba, ai wuta da gyara da horar da malamai ba lasisi ke kawo su ba.

Amma ka auna da abun da muke yi a zahiri. Sabuwar laftop a kwali sau da yawa da FreeDOS take zuwa, shi ma buɗaɗɗe ne na dangin DOS, kamfani ya sa shi ne don kar ya biya kuɗin Windows, sai mai shago ya ɗora maka na kirak, matakin farko kuma a kashe antibairos kafin a kunna aktibeta ɗin da ba wanda ya san wa ya rubuta shi, a kan wannan injin kuma za ka shiga banki. Ni wannan ya fi ban tsoro fiye da koyon sabon abu.

Kan injinka yanzu. Microsoft ya daina ba Windows 10 abdet na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, naka zubi na 6 ne, shi ya sa ya ƙi. Injin lafiyarsa ƙalau, in da ram gig 8 da SSD Linux zai tashi a kai kaman sabo. Sauke Linux Mint, wajen gig 3 ne, ka bari sai kana da datar dare ko ka karɓa a wajen wanda ke da shi, ka samu filash na gig 8 ka rubuta shi da Rufus ko Ventoy. Kashe laftop ɗin, soka filash, kunna kana danna F9, ka zaɓi filash ɗin. Zai buɗe ba tare da ya taɓa faifanka ba, a nan za ka gwada wayfai, sauti, kyamara, bulutut, ka jona firinta in kana da ita, ka shiga setin kibod ka ƙara Hausa ta Najeriya ka ga ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba sai ka sauke komai ba. In duk sun yi, kwashe fayilolinka zuwa wani waje tukuna, ka tabbata batir a cike yake don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai za ka iya rasa komai, sannan ka zaɓi a sa shi gefe da Windows tunda wani kwas ɗin zai iya buƙatar manhajar da sai Windows.

Kali kuma ka bar shi tukuna. An yi shi ne don masu gwajin kutse da suka riga suka san me suke yi, masu shi da kansu sun rubuta cewa ba su ba sabon shiga shawarar ya mai da shi na yau da kullum ba, yaran da ke sa shi don hoton dodon nan na fuska yawanci ko wayfai ya ɓace ba sa iya dawo da shi. In lokacin ya yi ka sa shi cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata babbar manhaja a cikin taka, a kan Mint ɗin, ka ba shi ram gig 2 ko 3, kuma duk gwajin da za ka yi ka yi shi kan injinka ko wanda aka ba ka izini a rubuce, don dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san wasa nake yi ba.